Ziyara da Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun, da Abin da Wuraren Ziyarar Indiya Ke Nuna Mana

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Sakkwato a mota ya nufi Gusau, in ya wuce Tureta zai ratsa ƙasar Bakura, sa'an nan ya sauka Talatar Mafara, Maradun kuwa tana can gabas da shi. Galibin matafiya iyakar abin da suka sani game da wannan yanki shi ne wurin tsayawa a yi salla, a ci abinci, a ƙara gaba. Amma fa a cikin waɗannan ƙasashe uku akwai garuruwan da Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna ya yi wa'azi tun kafin jihadi, akwai sansanin da jama'arsa ta fake a cikinsa a 1805, akwai kuma madatsar ruwa ta Bakolori, wadda samun wuri mai kyan ganinta a Jihar Zamfara sai an tona.

Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana abin da ke sa wuri ya zama wurin da mutane ke niƙa gari su tafi dominsa. Ra'ayinmu shi ne kyan wuri kaɗai ba ya jawo baƙo, tarihi kaɗai ma ba ya jawo shi. Domin mu nuna haka za mu leƙa ƙasar Indiya, inda mabiya addinin Hindu suka daɗe da tsara harkar ziyara, sa'an nan mu komo gida mu auna namu wuraren da ma'aunin da muka samo.

Ziyara da yawon buɗe ido

Kalmar ziyara daga Larabci muka aro ta, kuma a bakin Bahaushe tana da faɗi. Akan ziyarci ɗan'uwa, akan ziyarci marar lafiya, alhaji yakan yi ziyara a Madina, jama'a kuma sukan yi ziyara a Hubbaren Shehu a Sakkwato, ko na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, ko na Malam Abdullahi a Gwandu. A duk waɗannan akwai wani da ake girmamawa, mai rai ko wanda ya riga mu gidan gaskiya. Yawon buɗe ido kuwa sabon suna ne na tafiyar da ake yi don kallo da ƙaruwa da hutawa, ko da yake tun da can Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, sun kuma ce gani ya kori ji.

Mun sani sarai malamai sun yi saɓani game da abin da ya halatta da wanda bai halatta ba a wajen ziyarar kaburbura, kuma muhawarar ta ƙara zafi tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Wannan ba fagenmu ba ne, ba kuwa za mu tsoma baki a cikinsa ba. Haka nan kwatancin da za mu yi da Indiya ba na aƙida ba ne. Tsarin tafiyar da jama'a ne kurum muke dubawa, watau wa ke tarbar baƙo, yaushe ake zuwa, ta wace hanya.

Yadda Indiyawa suka tsara tasu ziyara

Bahaushen da ya tashi da kallon finafinan Indiya ya sha ganin mutane suna wanka a bakin wani babban kogi, a kan matakalai na dutse. Kogin Ganga ke nan, birnin kuwa sau da yawa Banaras ne. Sunan da suke kiran wurin ziyara da shi shi ne tirta, asalin ma'anarsa kuwa mashigi, wato inda ake ƙetare kogi. Saboda haka ne mafi yawan wurarensu masu daraja suke a bakin ruwa, ko a mahaɗar koguna, ko a kan duwatsun Himalaya inda kogunan suka ɓuɓɓugo.

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne kowane wuri yana da labarinsa, kuma yaro yakan ji labarin a gida tun kafin ya san hanyar garin. Abu na biyu, wanda a ganinmu ya fi kowanne muhimmanci, shi ne masu hidimar wurin. A birnin Haridwar akwai gidajen da ake kira panda, waɗanda sana'arsu ta gado ita ce tarbar maziyarta. Kowane gida yana da yankin ƙasar da yake yi wa hidima, yana kuma riƙe da kundaye inda ake rubuta sunan duk wanda ya zo, da garinsu, da danginsa, da haihuwa da mutuwar da aka yi a gidansu tun zuwan da wani nasu ya yi na baya. Mutum yakan zo daga wuri mai nisa, a buɗe masa kundi, ya ga rubutun hannun kakan kakansa. Wanda ya ga haka da wuya ya ƙi kawo ɗansa wata rana. Masu nazarin tarihin asali ma yau suna amfani da waɗannan kundaye.

Sai kuma lokaci. Babban taronsu, Kumba Mela, yana zagayawa ne tsakanin garuruwa huɗu: Haridwar, Ujain, Nasik, da Allahabad wadda aka sake wa suna Firayagaraj a 2018. Kowane gari yakan karɓi babban taron bayan kimanin shekara 12. Wanda aka yi a Firayagaraj daga 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairu 2025, hukumomin jihar sun ce an shiga ruwa fiye da sau miliyan 600. Ko da mun rage wani abu daga lissafin gwamnati, taro ne da babu irinsa a duniya. Bai kuwa tashi lami lafiya ba, domin a ranar 29 ga Janairu turmutsitsi ya kashe aƙalla mutum 30. Abin da ya shafe mu a nan shi ne tun da an san ranar, ɗan kasuwa da mai jirgin ƙasa da mai masauki duk sukan shirya.

Na ƙarshe shi ne amincin hanya. Kogon Amarnat yana cikin Kashmir, yankin da ya daɗe cikin rikici. A watan Yuli na 2017 'yan bindiga suka buɗe wa motar maziyarta wuta, mutum 8 suka mutu, amma ziyarar ba ta tsaya ba, domin gwamnati ta ɗauki tsaron wannan hanya a matsayin aikinta: ana rubuta sunayen masu tafiya, ana fita ayari ayari da rakiyar jami'an tsaro.

Ba sai mun je Indiya ba ma kafin mu ga wannan tsari yana aiki. Hubbaren Shehu yana da masu kula da shi, yana da labarin da kowa ya sani, yana cikin birni, shi ya sa baƙi ba su yankewa daga Nijeriya da Nijar. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, yana da Sarkin Ruwa da ranarsa da wurinsa a Matan Fada. Da aka daina yinsa bayan na 2009 sai baƙi suka ɗauke ƙafa, har zuwa 2020 da aka farfaɗo da shi. Kogin bai je ko'ina ba a tsawon waɗannan shekaru, ranar ce ta ɓace.

Sawun Shehu a yammacin Zamfara

To, mu komo ga yankinmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya faɗa a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati cewa sun shafe wajen shekara biyar tare da Shehu a ƙasar Zamfara suna kiran mutane zuwa ga addini. Wannan ya faru ne a ƙarshen shekarun 1780, kuma ɗaya daga cikin mazaunan Shehu a lokacin shi ne Faru, wadda yau take cikin ƙasar Maradun. A cikin wannan zama ne, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Duk ɗalibin tarihin Daular Usmaniyya ya san wannan labari, ya kuma rubuta shi a jarrabawa. Sunayen nan biyu har yau suna haɗe a sunan mazaɓa guda ta ƙaramar hukumar Maradun, wato Faru da Magami. Amma a cikin malaman da ke zaune a wannan zaure, mu nawa ne muka taɓa kai ɗalibanmu can? Mu kanmu masu wannan magana ba mu fita daga zargin ba.

Wuri na biyu shi ne Sabon Gari, a ƙasar Bakura ta yau. Bayan hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, da nasarar Tafkin Kwatto, sai jama'a ta sha mummunan kashi a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda malamai da mahaddata masu yawa suka yi shahada. Ga yunwa, ga rashin mafaka. Sai suka gangaro Zamfara a farkon 1805 suka sauka a Sabon Gari, daga nan ne kuma rundunar da ta ci Birnin Kabi a watan Afrilu na wannan shekara ta tashi, kafin a ƙaura zuwa Gwandu. Labarin wannan zama ba duka ne mai daɗin ji ba. Zamfarawa sun karɓi jama'ar Shehu da farko saboda tsohuwar gabarsu da Gobir, amma taron mayaƙa masu jin yunwa ya yi wa rumbunan manoma nauyi, har zumuncin ya yi tsami. Wannan ma darasi ne, kuma tsayawa a wurin da abin ya faru ya fi karanta shi a aji shiga zuciya.

Na uku shi ne Matuzgi, kusa da Talatar Mafara, inda Malam Muhammadu Tukur ya zauna. Shi kuwa yana cikin manyan almajiran Shehu, an san shi da sufanci, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan magani da addu'o'i, waɗanda masu nazarin tarihin likitancin ƙasar Hausa ke komawa gare su.

In muka ɗora waɗannan wurare a kan ma'auninmu, za mu ga labari akwai shi, har ya fi na wurare da yawa ƙarfi, domin a rubuce yake da alƙalamin waɗanda aka yi abin a gabansu. Masu riƙon tarihi ma akwai su a fadar Sarkin Mafara, da ta Sarkin Burmin Bakura, da ta Sarkin Kayan Maradun, da kuma zaurukan malamai. Abin da ya rage shi ne ba a haɗa su cikin zagaye guda ba. Mai ziyara yakan je Hubbare, ya je Degel, ya je Wurno, ya koma gida yana ganin ya gama, alhali shekarun wa'azin da suka haifi jama'ar suna nan Zamfara.

Bakolori

A nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne maganar ta fi wuya.

An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, tsakanin Maradun da Talatar Mafara, a zamanin da kuɗin man fetur ya yi yawa a hannun gwamnati. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, aka gama jikin madatsar a 1978. Tsawonta ya kai kilomita 5 da rabi, tsayin tsakiyarta mita 48, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, tafkin da ta haifar kuma ya mamaye wajen hekta 8,000. Daga nan magudanai suke ɗaukar ruwa su rarraba shi cikin gonakin Mafara da Bakura da Maradun, saboda haka ruwan nan shi ne igiyar da ta ɗaure ƙasashen uku. Wanda ya tsaya a kan madatsar da yamma cikin watan Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus, ya ga ruwa iyakar ganinsa, ga masunta cikin kwalekwale, ga koren shinkafar rani a ƙasa, ba ya bukatar a gaya masa wurin yana da kyau.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ruwa yana da abin da ya rufe. Sama da mutum 10,000 aka tasa daga gidajensu da gonakinsu na fadama domin tafkin ya samu wuri, aka mai da su kan tudu inda ƙasar ba ta kai wadda suka bari ba. Waɗanda ke yankin noman rani kuma aka hana su shuka na tsawon lokaci ana baje ƙasa, aka sare itatuwansu masu amfani, diyya ta yi ta jan ƙafa. Da haƙuri ya ƙare sai manoma suka tare hanyoyi, suka hana ma'aikatan kamfani aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙone gidaje a ƙauyuka irin su Birnin Tudu. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Wasu masu bincike sun kai adadin har 386. Masana irin su Björn Beckman da W. M. Adams sun yi rubutu a kan wannan aiki, Adams kuwa ya nuna yadda tare ruwan ya rage ambaliyar da fadamun da ke ƙasa da madatsar suka dogara da ita, shinkafa da kifi suka ja baya.

Indiya ma ta bi ta wannan hanya. Firayim Ministansu na farko, Jawaharlal Nehru, ya taɓa kamanta manyan madatsun ruwa da wuraren ibadar sabuwar Indiya. Madatsar Tehri, a kan ɗaya daga cikin kogunan da suka haɗu suka zama Ganga, ta shanye tsohon garin Tehri ɗungum, yau kuma ana kai baƙi yawon kwalekwale a kan tafkin. A Nagarjunakonda kuwa, da aka ga ruwan madatsa zai rufe kufan mabiya Buda, sai aka tono abin da za a iya tonowa, aka kwashe shi zuwa kan wani tudu da ya zama tsibiri, aka gina gidan tarihi a can. Ga hanya biyu ke nan: ko a sayar wa baƙo kyan ruwa a yi shiru game da abin da ke ƙarƙashinsa, ko a nuna masa duka biyun.

Mu dai ra'ayinmu yana ga ta biyu. Duk shirin da za a yi na mai da Bakolori wurin shaƙatawa, in bai tanadi ɗaki guda da za a rubuta sunayen ƙauyukan da ruwa ya ci da sunayen mutanen da suka mutu a 1980 ba, to an sake yi wa mutanen wurin abin da aka yi musu da farko, watau an amfana da ƙasarsu ba tare da an tambaye su ba. Daɗin daɗawa, masu hidimar wurin da muka ce sai da su ziyara ke ɗorewa, ai su ne 'ya'ya da jikokin waɗannan manoma. Ba za su tarbi baƙo da zuciya ɗaya ba a wurin da aka hana su faɗin labarin iyayensu. An sa kuɗi wajen gyaran magudanan Bakolori ƙarƙashin shirin noman rani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, wannan kuwa abin yabawa ne, sai dai gyaran siminti ne, bai shafi wannan ɓangare ba.

Hanya

Wani zai ce mana, kuna maganar baƙi a yankin da mai gida ma bai tsira ba? Gaskiyarsa. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe, a cikin ƙaramar hukumar Talatar Mafara. A watan Satumba na wannan shekara aka katse layukan waya a jihar, aka kuma rufe kasuwannin mako na wani lokaci, a yankin da babban garinsa ma daga ranar kasuwarsa ya samo suna. Ƙauyuka da dama na Maradun da Bakura sun sha hare-haren 'yan bindiga, mutanensu sun watse zuwa manyan garuruwa. Ba kuwa za a ce yankin ya rasa manya a gwamnati ba, domin tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan uku ya fitar da gwamna: Bakura daga 1999 zuwa 2007, Talatar Mafara daga 2011 zuwa 2019, Maradun daga 2019 zuwa 2023. Saboda haka ba mu zo nan don mu ce wa kowa ya ɗauki iyalinsa ya tafi kallon tafki ba. Tsaron hanya aikin hukuma ne, kamar yadda muka gani a Kashmir, malamin jami'a ba shi da ayarin soja.

Sai dai rashin tsaron nan shi ne ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Dutse da tafki za su jira a samu lafiya, tsoho ba zai jira ba. Wanda ya san daidai inda masallacin wani kufai yake, ko itacen da ake cewa a gindinsa aka yi karatu, ko gonar da wane ya faɗi a 1980, in ya bar ƙauyensu ya rasu a gidan haya a Gusau, ya tafi da taswirar a cikin kansa. Wanda yake da shekara 20 lokacin rikicin Bakolori yau ya haura 60.

Wannan kuwa aiki ne da ke hannunmu, kuma ba ya bukatar shiga daji. Mutanen da ake nema suna nan cikin garin Mafara da Bakura da Maradun da Gusau. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, akwai sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'in Sakkwato da Gusau, kowace shekara kuma ɗalibai suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. A ba kowane ɗalibi ɗan yankin wuri guda, ko Faru, ko Sabon Gari, ko Matuzgi, ko ɗaya daga cikin ƙauyukan da tafki ya rufe. Ya ɗauki muryar dattawa uku ko huɗu da wayarsa, da izininsu, ya rubuta abin da suka faɗa da karin harshensu na Zamfarci ba tare da ya gyara musu ba, ya sa su zana masa wurin a ƙasa ya kwafe a takarda. A ajiye kwafi ɗaya a sashen, ɗaya a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, na uku kuma a mai da shi fadar sarkin ƙasar, inda jikan mai maganar zai iya zuwa ya ce a buɗe masa.